Shekarar da Aka Kafa wa Kaka Murhu

Ɗakin Kaka ya faɗi ne a ƙarshen damina, da hantsi, ranar da ko yayyafi ba a yi ba. Ruwan da aka kwana uku ana yi ne ya jiƙa rufin ƙasar, azara ɗaya ta karye, sauran suka bi ta. Kaka tana tsakar gida tana tsince wake, ni kuma ina makaranta, lokacin ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Da na dawo na tarar ɗakin da nake kwana a ciki tun da aka yaye ni ya zama bango huɗu da sararin sama a kai, ga takalmina na Sallah ƙafa ɗaya yana leƙowa daga cikin ƙasa.

Aka mayar da mu ɗakin ajiya, ni da ita. Nan Baba yake rataye koma da sauran kayan kamun kifi, don haka komai namu ya ɗauki ƙarni, har littattafaina. Rufin jinka ne tsoho. In ka ɗaga kai da rana za ka ga haske yana shigowa ta wuri bakwai, na ƙirga. Kaka kuwa tana da tarin da ke tashi da zarar ta ji danshi.

Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Kiru, ta zo jaje. Ta leƙa ɗakin ajiyar, ta toshe hanci da bakin mayafi.

"Yaya, na bar maka ita rani guda," ta ce wa Baba. "In ruwan farko ya sauka ba a rufe ɗakinta ba, zan zo in tafi da ita. Ni ɗakina ba ya yoyo."

Baba ya ce in sha Allahu ba za a kai ga haka ba. Ni dama ba na magana a gaban manya. Amma na san in Kaka ta tafi Kiru ba da ni za a tafi ba, saboda makaranta. Tun daga ranar na fara kallon sama.

Abin da ya ba Baba ƙwarin gwiwa shi ne mutanen gwamnati sun zo bayan faɗuwar ɗakin da 'yan kwanaki. Sun zaga gidajen da ruwa ya yi wa ɓarna, sun ɗauki hoto, sun ce za a ba da kwanon rufi da katako da siminti. Sun kuma ja kunne kada a taɓa ɗakin sai masu tantancewa sun zo sun gani da idonsu. Kafin su tafi ɗayansu ya rubuta lamba da alli a bangon zaurenmu.

Ita ce lamba ta biyar a bangon. Ta can sama, mai shuɗin alli, ta masu rajistar marasa ƙarfi ce, dalilinta Kaka ta samu kati ana turo mata ɗan abu jefi-jefi. Ta kusa da ƙofa ta tallafin karatun 'ya'ya mata ce. Sunana ne a ciki amma katin na Umma ne, sharaɗinsa kuma kada in yi fashin makaranta. Akwai ta takin zamani, ta Baba, don yana noman rani a bakin ruwa. Sai wata da aka yi da gawayi, Umma ta ce ta shinkafar azumi ce, Baba ya ce a'a, ta masu allurar yara ce, har yau ba a yanke ba. Baba ya hana a yi wa wannan bango yaɓe. Duk gidan an shafe shi da sabuwar ƙasa ban da nan, ya tsaya kamar allon ajin da aka tashi ba a goge ba.

Katunan suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gadon Umma, kowanne a naɗe da leda. Ni ake kira in karanta duk saƙon da ya shigo wayar Baba. Nakan karanta kalmomin daidai, amma in aka ce, "To, me suke nufi?" sai in tsaya, don ba na gane saƙon na wace lamba ne.

Kaka ba ta cika yarda da lambobin ba. Garinsu na asali yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga, tana amarya aka tashe su aka kawo su nan. "Wancan karon ma da alli suka fara," takan ce. Amma ba ta wasa da katinta.

Sanyi ya zo ya wuce, masu tantancewa shiru. Kajin Umma suka mayar da ɗakin da ya faɗi wurin yin ƙwai, ni nake hawa kan tarin ƙasar ina tsinto su. Sai wata rana bayan la'asar Baba ya dawo daga majalisa, bai ko cire hula ba ya je ya durƙusa a gaban Kaka.

Baba ɗanta ne na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma cewa ɗanta ne. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", in kuma da shi take sai ta kalli wani wuri, yawanci bishiyar darbejiyar tsakar gida.

"Iya, akwai maganar da na jiyo."

"Mm." Ta ci gaba da tsinkar zogale.

"Sun ce abin da ya tsayar da kwanon nan kwamfuta ce. In ta ga gida ɗaya ya fito a wurare da yawa sai ta ture shi gefe. Mu kuwa ko'ina muna ciki."

"Ita kwamfutar ta zo gidan nan ne?"

"Ba ta zuwa, Iya. Amma su ba da katanga suke ƙirga gida ba, da tukunya suke ƙirgawa. Duk masu ci a tukunya ɗaya gida ɗaya ne."

Wannan kam gaskiya ne, na tuna. Ranar rajistar farko ni na shimfiɗa wa mutanen tabarma, kuma na ji mai rubutun ya tambaya mutum nawa ke ci a tukunya ɗaya. Umma har ta yi dariya daga bayan labule.

"To?" in ji Kaka.

"To da a ce Iya tana da tukunyarta daban, ta zama gida mai zaman kansa ke nan. Nata kati ɗaya ne tak. Sai kwanon ya fito da sunanta, ba abin da zai tare shi."

Kaka ta ajiye faifan. Ta ce wa darbejiya, "Wato a raba tukunya."

"Subhanallahi, a'a, Iya! Na ido ne kawai. Na takarda."

"In na takarda ne a rubuta a takardar mana."

"Sun ce ba sa sanarwa in za su zo. Kuma suna duba murhu. In duwatsun ba su yi baƙi ba sun san shiri ne."

A garinmu raba tukunya ba ƙaramar magana ba ce. 'Yan'uwa kan raba in uba ya rasu an raba gona, ko in zama ya ƙi daɗi har an gaji da sulhu. Ban taɓa jin an raba da tsohuwa ɗanta yana raye ba. Kaka ta yi tari, ta ce, "Ni dai ba zan je in zauna a gidan suruki ba. A kawo duwatsun."

Ni aka aika bakin rafi na ɗauko duwatsu uku, ɗaya bayan ɗaya. Umma ta fito da ƙaramar tukunyarta, ba ta kalli kowa ba ta ajiye. Aka kafa murhun a ƙofar ɗakin ajiya, taku goma sha biyu daga na Umma. Sai Baba ya ce tsohuwa ita kaɗai ba za ta yi kama da gida ba, ya juyo wurina.

"Ke daga yau a tukunyar Iya kike."

Na tattaro ƙarfin halina na ce, "Baba, makaranta fa? A fom ɗin tallafi an rubuta ina wurin Umma."

Ya sosa ƙeya. "A makaranta kina wurin uwarki. A gida kina wurin kakarki."

"In masu na makarantar suka zo gida fa?"

"Sai ki fara duba rigarsu ki gane ko su wane ne."

Duk rigarsu iri ɗaya ce, 'yar shara mai aljihu da yawa a kan kaya. Na so in faɗa, amma ya riga ya fita.

Makon farko ruwa kawai ake tafasawa a tukunyar. Sai Kaka ta ce ita ba ta iya ƙona itace a kan ruwan banza ba, ta aike ni in samo kuka da daddawa, ta fasa busasshen kifi a ciki. Rabonta da girki tun ina goye. Ƙamshin miyar ya cika gida har ya danne ƙarnin ɗakinmu. Daga nan abin ya zauna haka: Umma ta tuƙa tuwo, Kaka ta kaɗa miya, ni kuma in ɗauki malmala in kai nan, in ɗebi miya in kai can. Wani lokacin a tsakiyar hanya nake tsugunawa in ci nawa, don ban san gefen da ya kamata in zauna ba.

Baba ya yi kuskuren cewa rabonsa da miya irin wannan tun yana saurayi.

"To, Malam," in ji Umma, "sai a rubuta ka a can."

Maƙwabciyarmu ce ta fara gani. Ta shigo aron rariya, ta tsaya a tsakar gida, ta kalli hayaƙin nan ta kalli na can. Ta gaida Kaka gaisuwa mai tsawo, har da tambayar ƙarfin jiki sau biyu, ta gaida Umma a taƙaice, ta fita ba ta karɓi rariyar ba. Baba kuwa ya riga ya gargaɗe mu kada kowa ya ji cewa shiri ne, don magana tana iya kaiwa ofis.

Washegari a famfo wata 'yar ajinmu ta ce, "Ke, wai da gaske an fitar wa kakarki tukunya?"

In na ce e, na ɓata Umma. In na ce a'a, na ɓata kwano. Na zuba wa bokitina ido har ya cika ya fara zuba a ƙafata.

"Kun gani ko," ta ce wa sauran. "Ta kasa magana. Gaskiya ne."

Umma ce ta fi shan wahalar abin. Ta je suna a unguwa, wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, ba tare da ta kalle ta ba, wasu matan sun manta su ma za su tsufa. Ta dawo ta shige ɗaki, ranar Kaka ce ta tuƙa tuwon ma. Baba ya ce liman ya yi nasiha a kan haƙƙin iyaye bayan salla, kuma sahu biyu sun waiwayo. Mai unguwa ya kira shi gefe, shi kuma ba zai iya gaya masa gaskiya ba, tunda mai unguwar ne ke raka mutanen gwamnati gida-gida. Sai ya sunkuyar da kai ya ce za a gyara.

Labari ya kai Kiru. Gwaggo ta sauka daga acaɓa, sallamarta ma rabi ta yi, ta wuce ta tsaya a kan murhun Kaka.

"Innalillahi! Yaya, ashe gaskiya ne? Uwar da ta haife ka?"

Baba ya ja ta gefe ya yi mata bayani ƙasa-ƙasa. Ina wanke-wanke kusa da su, na rage ƙarar kwanukan.

"Wace kwamfuta? Wa ya gan ta?"

"Mai shayi ne ya ji daga wani ɗan'uwansa da ke gadi a can."

"Mai shayi!" Ta tafa hannu. "To mu a wajenmu cewa aka yi in gida ya rabu biyu ba a ba kowa, sai an sake rajista daga farko."

"Wa ya gaya muku?"

"Mai niƙa."

Suka tsaya suna kallon juna. Ban taɓa lura suna kama ba sai a lokacin.

Kaka ta ce, "Ke, in kin gama ihun zo ki ɗanɗana min gishiri."

Gwaggo ta ɗanɗana, ta ci tuwo har malmala biyu, amma da za ta tafi ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Ruwan farko, Yaya. Ban sauya ba."

Zafi ya shigo sosai. Aka ba mu hutu. Masu dawowa daga kasuwar Tudun Wada suka fara cewa an yi ruwa a wajen Doguwa, har ƙasa ta jiƙa. Da yamma nakan ga gizagizai sun taru daga gabas, sun yi duhu, sai iska ta watsa su, in sauke numfashi.

A cikin hutun ne mai tantancewar ta zo. Mace ce, matashiya, da hijabi ruwan toka da 'yar sharar nan mai aljihu a kai, da waya babba a hannu. Mai unguwa ya tsaya a zaure, ita ta shigo da sallama, Baba yana biye da ita. Na duba rigar kamar yadda aka ce. Akwai rubutu a ƙirjin, amma hijabin ya rufe rabinsa.

Ta durƙusa ta gaida Kaka, ta ce ta zo ne kan ɗakin da ya faɗi. Ta hau tarin ƙasar, kaza ta tashi da kuka, ta ce, "Yi haƙuri, Hajiya," ga kazar. Ta auna tsawon ɗakin da faɗinsa, ta ɗauki hoto ta kowace kusurwa, ta roƙi Kaka ta tsaya a bakin ƙofar da babu ƙyaure. Kaka ta gyara ɗankwali ta tsaya ƙiƙam, fuska a ɗaure, kamar wadda za a yi wa allura.

Duk muna jira ta tambayi tukunya. Murhun Kaka yana ci, duwatsun sun yi baƙi ƙirin, ni da kaina na ƙara itace da na ji sallamarta. Ko kallon wajen ba ta yi ba. Ta shiga danna waya, ta ce, "To, Baba, na gama."

Baba ya yi gyaran murya. "Ga murhun Iya can."

"Ma sha Allah. Ƙamshi kuwa tun daga zaure."

"Nata daban ne," ya ce. "Namu daban."

Ta ɗago kai. "Au, gida biyu ne? A wurina gida ɗaya aka rubuta."

"E to..." in ji Baba.

"Don in biyu ne sai in mayar da shi a gyara, a buɗe wa Iya nata fom ɗin. Yakan ɗauki lokaci fa."

"In ɗaya ne kuma fa?" Umma ce ta tambaya daga bakin ɗakinta. Ban taɓa jin ta sa baki a maganar baƙi ba.

"In ɗaya ne sai a haɗa da sauran abin da gidan yake karɓa a duba."

"A duba a ba da, ko a duba a hana?"

"Wallahi, Yaya, wannan a sama ake yi."

Miya tana tafasa, ina jin ƙarar murfin. Matar ta kalli Baba, ta kalli Umma, ta kalli Kaka da ke kallon darbejiya, sai idonta ya faɗo kaina.

"'Yan mata, zo. Ke 'yar makaranta ce ko? Gaya min, gida ɗaya ne ko biyu?"

Na matso. Na san a cikin amsoshin nan biyu ɗaya tana kawo kwano ɗaya tana kai Kaka Kiru, amma ban san wacce ba ce, kuma na duba fuskar Baba na ga shi ma bai sani ba. Sai na faɗi abin da na sani, ina kallon takalminta da ya yi ƙura.

"Hatsin daga rumbu ɗaya ake ɗiba. Umma ce ke tuwo. Kaka ce ke miya. Wutar ce biyu."

"Ke kuma a ina kike ci?"

"A tsakiya."

Ta yi dariya har ta rufe baki da bayan hannu. Ni ban ga abin dariya ba, hawaye ma nake ji.

Sai Kaka ta yi magana, kuma ba da darbejiya ta yi ba. Ta kalli matar ido cikin ido ta nuna Baba da haɓa. "'Yata, rubuta abin da kika ga dama. Amma wannan ni na haife shi, kuma bai taɓa barina da yunwa ba. Wannan ma," ta nuna Umma, "ba ta taɓa ba. In akwai gurbin wannan a wayar taki, sa shi."

Baba ya sunkuyar da kai ƙasa. Umma ta koma cikin ɗaki da sauri.

"Na gane, Iya," in ji matar. Ta danna wani abu da babban yatsanta. Na yi ɗage don in gani, hasken rana ya hana ni.

Baba ya bi ta har zaure. Na ji yana cewa, "Ranki ya daɗe, wanne kika sa?"

"Baba, ba ni ke yankewa ba. Ni turawa kawai nake yi."

Bayan kwana tara ruwan farko ya sauka, da azahar, da iska mai ƙarfi. Ni da Kaka muka bi wuraren yoyo muna tara kwanuka, da suka ƙare muka sa har tukunyar miyar. Tabarma ta jiƙe duk da haka. Kafin magariba tarin ya tashi, irin mai fito a ƙirji. Kwana biyu tsakani Gwaggo ta zo da motar haya. Ba ta yi ihu ba wannan karon, Baba ma bai yi gardama ba, shi ya ɗauki akwatin Kaka ya sa a mota.

Na tsaya a jikin bangon zaure. Kaka ta leƙo ta tagar motar ta ce, "Ji min yarinya. Bakin ba ya aiki, idon kuwa kamar famfo. Ki kula da kajin nan, kada su gaje ɗakin gaba ɗaya."

Na koma kwana a ɗakin Umma. Washegari da safe Baba ya ce in hura wuta a murhun Kaka kafin in tafi makaranta.

"Malam, gidan wa za a hura wa?" in ji Umma. "Mai gidan tana Kiru."

"Ba a sani ba ko za su dawo dubawa."

Haka na yi ta yi kullum. In hura wuta, in ɗora ruwa, in tsaya har ya tafasa, in juye wa Umma ta yi wanke-wanke da shi. Maƙwabta kuwa yanzu cewa suke abin ya kai har tsohuwa ta bar gidan. Na ji wannan ma a famfo, na yi shiru, don rabinsa gaskiya ne.

An yi shuka, gero ya fara tasowa, sai saƙo ya shigo wayar Baba. Na karanta sau biyu. Wannan karon na gane, don akwai maganar rufi a ciki. Baba ya tafi tun da sassafe, bai dawo ba sai la'asar, a bayan wata a-kori-kura, zaune a kan bandir ɗin kwano yana riƙe da katako kada ya zame. Ya miƙo min takardar tun kafin ya sauko.

A wurin mai amfana sunan Kaka ne. A wurin mai gida sunan Baba ne.

"Kun gani!" in ji Baba. "Sunan Iya. Tukunyar ce ta yi aiki."

"Ga naka a matsayin mai gida," in ji Umma. "Gida ɗaya suka rubuta. Da ba ka buɗe baki ba ma da tuni ya zo."

Suka juyo wurina in raba gardama. Na sake duba takardar gaba da baya. Babu inda aka ce ɗaya, babu inda aka ce biyu. Akwai lamba a sama, na fita na gwada ta da na bangon zaure, ba ta yi daidai da ko ɗaya ba. Maƙwabcinmu na gabas, da bai raba komai ba kuma yake cikin rajista uku, an ba shi kwano rana ɗaya da mu. Na yamma, da ba ya cikin kowace rajista, bai samu ba sai bayan kaka. A watan kuma takin Baba bai fito ba, tallafin makarantata ya fito. Baba ya kwana biyu yana ƙoƙarin haɗa waɗannan, ya gaji ya bari.

Magini ya ɗaga bangon, kafinta ya buga kwano a yini ɗaya. Na share ɗakin sau uku, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Baba ya je Kiru da kansa ɗauko Kaka. Gwaggo ta ce sai ta gani da idonta, ta biyo su, ta shiga ɗakin ta ɗaga kai ta daɗe tana neman haske a rufin. Ba ta samu ba.

Kaka ta rame kaɗan, amma tarin ya lafa. Da ta zo wucewa ta gaban ɗakin ajiya ta tsaya a kan duwatsun nan uku, ta ce min, "Kwashe su."

"Iya, in suka sake zuwa fa..." in ji Baba.

"A ce musu na ƙoshi."

Na mayar da su bakin rafi, ɗaya bayan ɗaya. Miya dai ba ta sake barin hannunta ba, sai dai yanzu a murhun Umma take kaɗawa. A gari aka ce an yi sulhu, wasu suka ce nasihar liman ce ta ratsa Baba, wasu suka ce Gwaggo ce ta yi tsaye. Tsohuwar nan ta wurin suna har gida ta zo ta sa wa Umma albarka don ta gyara halinta. Umma ta ce amin, ta ba ta goro.

Kwana uku da dawowar Kaka aka yi ruwa mai yawa da la'asar. Muna cikin ɗaki mu biyu, tana kishingiɗe, ina aikin gida na lissafi. Mu da muka saba da rufin ƙasa, wanda ruwa ke sauka a kansa shiru, ba mu san haka kwano yake ba. Kamar ana zazzage tsakuwa a kanmu. Na ga bakin Kaka yana motsi, ban ji komai ba. Ta sake, na girgiza kai. Ta yafito ni, ta kamo kunnena ta sa bakinta a ciki.

"Na ce wa ya ba mu wannan abin?"

"Gwamnati!" na ce da iyakar muryata.

"Wacce daga ciki?"

Na buɗe baki na rufe. Ta jira kaɗan, ta ga babu amsa, ta sake min kunne. Ta shafa tabarmar ta ji a bushe take, ta shafa bango, sannan ta jawo ɗankwalinta ta toshe kunnuwa da shi ta juya ta kwanta.